Kwanon Dikko

A Tudun Kirya, wani ƙauye da ke bakin gulbi tsakanin Bauranya da hanyar Kankiya, magidanta ba sa cin tuwo a cikin gida. Da an sallame Magariba kowa zai shiga ya ɗauko kwanonsa, a hallara ƙofar gidan Baba Ɗanmaliki, a shimfiɗa tabarmi biyu baki da baki. Ciyayya ke nan. Ba mai cin nasa shi kaɗai. Kwano ɗaya ake buɗewa, hannu tara su taru a kansa har a ga gindinsa, sannan a jawo na gaba. Wanda miyar gidansa ta yi daɗi a tsokane shi, wanda tasa ta cika gishiri shi ma a tsokane shi. Haka suka taso suka tarar.

Wata huɗu ke nan ba a buɗe kwanon Dikko ba.

Ba wanda ya kore shi, kuma da korarsa aka yi da abin ya fi zo masa da sauƙi. Zai yi sallama a amsa, a matsa masa wuri a bakin tabarma. In ya sa hannu a kwanon wani ba mai ɗaga ido. Amma da zarar an zo kan nasa, sai wani ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi, wani ya jawo ruwan wanke hannu, hira ta koma kan tsadar taki. Kwanon ya koma gida da murfinsa kamar yadda ya fito. Har ta kai Dikko ba ya iya wuce loma biyu a na mutane, don kunya.

Dalilin bai ɓuya ga kowa ba. Shekara bakwai da suka wuce gwamnati ta kewaye dajin bakin gulbin da waya, ta kafa allo, ta gina 'yar rumfa da bencin siminti guda shida, ta ce wurin ya zama na kiyaye namun daji da shaƙatawa. Ba sara, ba farauta, ba kamun kifi, mai son shiga kuma ya yanki tikiti a ƙofa. Lokacin Dikko ba ya gari. Tun yana ɗan saurayi ƙafarsa ta ɗauke shi: ya tura kurar ruwa a Legas, ya yi acaɓa a Kano, ya yi gadin wani kango a Abuja. Sai da mahaifinsa ya rasu ya dawo, ya yi aure, aka ba shi gadin gandun saboda ya taɓa irin aikin.

Shekararsa ta uku a kai, wata safiya suna zagaye shi da ogansa Malam Sada, jami'in gandun daji da ke zuwa daga Kankiya sau ɗaya a wata, suka ji sara. Suka bi sautin. Mai saran ya hango su, ya yar da gatari ya tsallake waya, ya bar marke kwance. Malam Sada ya tambayi Dikko ko ya gane shi. Dikko ya gane shi sarai, don ko daga ƙeya ba zai kasa gane Shehu ba, tare aka yi masu kaciya. Ya buɗe baki ya faɗi sunansa. Shehu ya kwana biyu a tsare a Kankiya kan itacen da zai yi wa rumbunsa gwafa. A ganin mutanen Tudun Kirya, ba sai Dikko ya yi ƙarya mai nauyi ba, cewa kawai zai yi bai ga fuska ba. Sau biyu ya je gidan Shehu ban haƙuri, sau biyun ana ce masa ba ya nan, ga takalmansa a bakin zaure.

Matarsa Murja 'yar Tafashiya ce, ba ta daɗe a garin ba. Da farko ta ɗauka girkinta ne. Ta bar kuka ta koma kuɓewa, ta ƙara daddawa, ta aika gidansu aka kawo mata man shanu. Da ta gane ba a nan matsalar take ba sai ta daina tambaya, ta riƙa karɓar kwanon kawai ta ajiye don ɗumame. Sau ɗaya ta ce masa ya bar kai wa mana, tunda ba ci ake ba. Ya ce mata ran da ya fasa zuwa, ranar za a naɗe bakin tabarmar da yake zama, kuma ba za a sake warware shi ba.

Aikin nasa ma bai rage masa komai ba. Ana iya yin wata guda ba wanda ya zo shaƙatawa. Duk da haka kowace safiya sai ya share bencin nan shida, ya goge allo, ya zauna a rumfa yana kallon hanya. In zama ya ishe shi, don shi ba mai iya zama wuri ɗaya ba ne, sai ya ɗauki sanda ya bi waya. Da bazara gulbin yashi yake komawa, in ban da wani wuri mai zurfi a ƙarƙashin itatuwan kanya da ake kira Baƙin Gurbi, wanda bai taɓa ƙafewa ba. Nan komai na dajin ke taruwa. Zabin daji su sauko a jere, jajayen birai su zo da 'ya'yansu maƙale a ciki, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran mota. Akwai wani guza da ke shan hantsi kan wani dutse, wanda Dikko kan yi wa barka da asuba. Wata rana sai ya lura tun safe har La'asar da guzan kaɗai ya yi magana.

Abu ɗaya yake alfahari da shi. Ana satar itace, ana kutso da awaki, amma tunda ya kama aiki bai taɓa ganin ɗan garin da koma ko ƙugiya a Baƙin Gurbi ba. Malam Sada kan yaba masa a kan haka, ya ce a sauran wurare kifin ne farkon ƙarewa.

Ran wata Alhamis zafi ya tsananta, hirar ciyayya ta faɗa kan su, wato kamun kifin gayya. A da, duk ƙarshen bazara, Baba Ɗanmaliki, wanda ya gaji sarautar ruwa daga ubansa, zai sa rana ya buɗe Baƙin Gurbi, mutane su zo har daga Kafin Soli da komayensu a faɗa ruwa gaba ɗaya. Bube, wani mai yawan baki da ke zama kusa da tsohon, ya shiga ba da labarin tarwaɗar wurin, yadda take da baƙin baya da farin ciki, yadda kitsenta ke tashi saman romo. Ya ce ya ci kifi a Kano, ya ci a Maraɗi, duk ciyawa ne in an gwada da ita, kuma yana jin zai mutu bai sake ɗanɗanawa ba. Kowa ya kawo nasa. Shehu, wanda ya yi wata huɗu bai dubi sashen da Dikko yake ba, ya ce yanzu kam sai dai birai su sha daɗinsu, su da mai gadinsu. Aka yi dariya.

Dikko ya ɗauki kwanonsa ya tafi gida, amma maganar Bube ta bi shi. A ransa ya ce ashe ga abin da ke cin mutanen nan. Sun ɗauke shi mutumin gwamnati da ya tsare masu abincin kakanni. To in ya nuna masu shi ma zai iya taka dokar saboda su, in ya sa wuyansa inda Shehu ya sa nasa, ai an yi kunnen doki. Kuma wane ne zai ga tarwaɗar Baƙin Gurbi a gabansa ya ce ya ƙoshi?

Washegari daga masallacin Asuba gandun ya wuce. Akwai fatsa a rumfa, wadda ya taɓa karɓewa a hannun wasu samari 'yan birni. Ya tono tana a bakin ruwa ya jefa. Bai ƙirga ashirin ba igiya ta miƙe. Kifayen nan ba su san ƙugiya ba, faɗa mata suke kamar an kira su. Kafin rana ta ɗaga ya fito da tarwaɗa uku, kowace kamar damtsensa. Duk lokacin yana waige-waige kada a kama shi, sai can ya tuna shi ne mai kamun.

Murja ta kalli kifin ta kalle shi. Ta tambaye shi ba shi ne mai hanawa ba, ya ce yau ɗaya dai. Ta karɓa. Ta wanke su da toka har santsin ya fita, ta daka citta da kanumfari da attaruhu, ta yi girkin da tun tarewarta ba ta yi irinsa ba. Ta zuba a babban kwanon da ta zo da shi daga gida, ta goge murfin da gefen zaninta. Da zai fita har bakin zaure ta rako shi, abin da ba ta saba ba.

A wurin ciyayya bai jira a zo kansa ba. Ana gama kwano na biyu ya tura nasa tsakiya ya ɗage murfin da kansa. Ƙamshi ya tashi. Hira ta tsaya cak. Bube har ya gyara zama, hannunsa ya baro gwiwa.

Baba Ɗanmaliki ya leƙa kwanon, ya daɗe yana dubawa.

"Dikko, wanga kifi na kasuwar Kankiya ne?"

"A'a, Baba. Na Baƙin Gurbi ne. Da hannuna na kamo maku shi yau da safe."

Bube ya mayar da hannunsa. Wani daga ƙarshen tabarma ya yi salati a hankali.

"Wa ya buɗe maka ruwan?" in ji tsohon.

Dikko ya fara bayani. Ya ce ai tunda gwamnati ta karɓi wurin ba sauran buɗewa da rufewa, yanzu shi ke riƙe da makulli, kuma in wani abu ya biyo baya shi zai ɗauka, ba ruwan kowa. Yana magana yana jin muryarsa na raguwa, don ba wanda ke kallonsa, duk tsohon suke kallo.

"Ran da munka yi su na ƙarshe," in ji Baba Ɗanmaliki, "ni na tsaya bakin ruwan nan na rufe shi da bakina, yadda ubana ke yi. Shekara ba ta zagayo ba anka ja waya. Ban koma ba, balle in buɗe. Ruwan rufe yake har yanzu da muke zaune. Kai kana tsammani sandarka ta hana mu?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi dariyar ciwo. Bube ne ya ƙarasa masa, ba da faɗa ba, kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. Ya ce wayar nan ta huje wuri biyar, akuya na shiga, jaki na shiga, da kifin suke so da ko ƙaya ba a bari ba tun kafin Dikko ya dawo daga yawonsa. Ba a cin kifin rufaffen ruwa a garin nan, ko yaro ya san haka. Shekara bakwai, da yunwa da komai, ba wanda ya taɓa.

Dikko ya san al'adar. Yana ƙarami ya sha tsayawa kan gaɓa yana jiran tsohon nan ya ɗaga hannu. Ya dai ɗauka ta mutu ne ranar da aka kafa allo.

"Ni itace na sara," in ji Shehu, yana kallon Dikko ido cikin ido karo na farko. "Baba bai rufe itace ba. Na kwana biyu Kankiya. To shi wanga, ina za a kai shi?"

Tsohon ya ɗaga wa Shehu hannu ya tsayar da shi. Ya ce wa Dikko ya rufe kwanon, kada kowa ya taɓa, ko kaza kada a ba. Abin da aka ɗauko daga rufaffen ruwa can ake mayar da shi, ɗanye ko dafaffe, kuma a gaban wanda ya rufe. Gobe da hantsi zai zo.

Da Dikko ya shiga gida Murja ta karɓi kwanon, ta ji nauyinsa, ta ajiye. Ya gaya mata yadda aka yi. Ta zauna kan turmi ta yi tagumi, can ta ce ita dai ta gode Allah ba ta ɗanɗana gishirin da yawa ba.

Asabar ta zo da abin da Dikko ya shekara uku yana jira. Yana cikin share benci wata doguwar mota ta tsaya a ƙofa, malaman wata makarantar sakandare daga Kankiya suka firfito, maza da mata, sun fi ashirin, an yi masu hutu sun zo shan iska. Suka sauke tabarmi da kuloli da ƙwallo da wata 'yar na'ura mai kiɗa. Jagoransu, Malam Nasiruddeen, mutum ne mai fara'a, da madubin hangen nesa rataye a wuya da littafin hotunan tsuntsaye a hannu. Dikko ya yanka masu tikiti, ya tsaya ya karanto masu doka kamar yadda aka koya masa: ba a jifan dabba, ba a karya reshe, ba a kama kifi. Yana faɗa kwanon na bayansa a cikin rumfa, ya lulluɓe shi da rigar ruwa.

Nan da nan dajin ya cika da muryoyi. Samarin malamai suka kafa gola da takalma a kan yashin gulbi. Matan suka shimfiɗa a inuwar kanya suna fere mangwaro. Malam Nasiruddeen na ta nuna sama yana kiran sunayen tsuntsaye, ana karɓar madubin ana leƙawa. Birai suka hau can ƙololuwa suna kallon ikon Allah. Da wata rana ce, da Dikko na tsakiyarsu yana nuna masu ramin guza da inda gada ke sauka shan ruwa. Yau yana bakin ƙofa, idonsa na hanyar gari.

Da hantsi ya hango tsohon tafe shi kaɗai, yana dogara sanda. Da ya iso bai shigo ba. Ya tsaya daidai ƙofar, ya ɗaga kai ya kalli allon da ba ya iya karantawa.

"Nawa ne tikitin naku?"

"Don Allah, Baba."

"A'a, tambaya na yi. Wanda ya riga ka gadin ya ce sai na yanka. Shi ya sa na juya."

Dikko ya buɗe ƙofar duka biyu, har da ɓangaren da mota ke bi. Ya ɗauko kwanon ya bi bayansa.

Tafiyar ba ta da nisa amma sun daɗe, don tsohon tsayawa yake. Hanyar da ya sani ta rufe, bagaruwa ta cinye ta. Ya nuna inda mata ke kafa murhu ranar su, yanzu benci ne a wurin, wata malama na zaune kai tana ɗaukar kanta hoto. Ya nuna wani faru da ya bari iya ƙugunsa, ya zama itace mai inuwa. Da suka ɓullo kan Baƙin Gurbi sai ya yi tsaye, ya ɗora hannu biyu kan sanda. Ruwan ya kwanta baƙi wuluk, tsuntsayen kirinjijiya sun fi hamsin a can gefe, kifi na juyi yana barin zobe a sama. Dikko ya ga leɓen tsohon na motsi. Ya kawar da kai ya ba shi wuri.

Sannan tsohon ya gaya masa abin da zai yi. Dikko ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya shiga ruwan har gwiwa da kwanon a hannu. Sau uku ya faɗa da ƙarfi cewa ya ɗauka ba a ba shi ba, ga shi ya dawo da shi. Ya karkata kwanon. Girkin Murja ya zube, jan mai ya bazu a kan ruwa. Kafin ya miƙe tarwaɗa sun taso ta ko'ina, suna dukan ƙafafunsa, suna wawar nama, ruwan na tafasa kamar tukunya.

Malaman suka ji fantsama suka rugo. Masu ƙwallo suka bar ƙwallo. Wayoyi suka tashi sama, ana ta mamakin girman kifin. Wata ta tambaya ko kullum ake ba su abinci war haka, ta ce da an rubuta lokacin a allo. Tsohon bai kula su ba, ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya ya shafa, ya ce wa Dikko ya fito, an karɓa. Malam Nasiruddeen ya iso yana haki, ya gaida tsohon da ladabi, ya ce shi bai samu farkon ba, ko za a daure a sake don ya ɗauka.

"Fatanmu dai kada a sake, malam," in ji Baba Ɗanmaliki.

Suka yi dariya, sun ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Suka koma wajen tabarminsu aka buɗe kuloli. Aka kawo wa tsohon dafa-duka da cinyar kaza, ya yi godiya ya ce ya karya. Aka miƙo wa Dikko nasa a faranti, aka ce ga na mai gadi. Ya karɓa ya ajiye kan benci.

Su biyu suka zauna a gindin kanya nesa da taron. Dikko ya wanke kwanon da yashi. Can ya ce in Baba ya yarda, zai roƙi Malam Sada ko za a bari a riƙa yin su rana ɗaya a shekara. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce gwiwarsa ba ta shiga ruwa yanzu, 'ya'yansa na Kano ba wanda ya koyi abin, masu komaye sun sayar ko gara ta ci. Kuma ya ga ruwan yau, bai taɓa ganinsa da rai haka ba ko a zamanin ubansa. A bar shi rufe.

"Maganar ruwa ta wuce," ya ce. "Ta Shehu kuwa ba cikin ruwa take ba. Wannan ba ni na rufe ta ba."

Dikko ya raka shi har ƙofa, ya tsaya yana kallonsa har ya shige cikin gonaki. Da La'asar malaman suka tattara, suka yi masa godiya, suka ce wurin ya yi kyau sai dai nisa. Motar ta tashi. Ya bi ya tsince ledoji da ƙwallayen mangwaro, ya kulle ƙofa. Farantin da aka ba shi birai sun riga sun gama da shi.

Murja tuwon dawa ta yi da miyar kuka, ba nama ba mai. Ba ta rako shi zaure ba. Ya yi sallama a ƙofar gidan Baba Ɗanmaliki aka amsa, aka matsa masa. Ba wanda ya ta da zancen jiya, ko da yake kowa ya ji yadda aka yi. Aka ci kwano na farko, na biyu, har na takwas. Bube ya yi gyatsa ya miƙa hannu wajen ruwan wanke hannu.

Sai tsohon ya sa kan sandarsa ya jawo kwanon Dikko gabansa. Ya ɗage murfin, ya yi bisimilla, ya yanki loma ya dangwala miya ya kai baki.

Shehu ya miƙe. Ya ɗauki kwanonsa ya sa takalmi ya tafi. Ƙaninsa ya bi shi. Sauran suka ɗan zauna suna kallon ƙasa, sannan wani ya tuna bai ɗaure sansa ba, wani ya ce zai sake alwala kafin Isha'i. Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Bube ne na ƙarshe. Ya kalli tsohon, ya kalli kwanon, ya rantse da gaske ya ƙoshi, cikinsa ba wuri. Ya daɗe yana neman takalminsa da ke gabansa, sannan shi ma ya bi duhun lungu.

Tabarmi biyu suka rage da mutum biyu. Dikko ya dubi tsohon. Wata huɗu yana jiran a buɗe kwanon nan, bai taɓa kawo wa ransa cewa ranar da za a buɗe shi za ta watsa wa tsohon ƙofar gida ba.

"Baba, gobe ba za su zo ba."

"Wataƙila," in ji tsohon yana tauna a hankali, don haƙoransa sun yi saura kaɗan. "Sai su ci ɗaki da matansu, su ji in da daɗi. Matso kusa. Ni ba na iya cinye wanga ni ɗaya, kuma gishirin matarka ya yi daidai."

Dikko ya taso daga bakin tabarma ya dawo tsakiya, inda bai taɓa zama ba. Ya wanke hannu ya sa a kwanon. Tsohon loma huɗu ya yi ya tsame, ya jingina da bango yana sakace, ya bar masa sauran. Dikko ya ci gaba da ci shi kaɗai, a hankali, yana jin muryar Shehu daga can bayan katanga yana kiran a kawo masa buta.